Tattakin da Ke Farawa Daga Tasha

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Birnin Kebbi, Argungu, Gwandu da Jega. Ina gajiya, ya aikin fadama? Allah Ya sa kuna lafiya.

Daga Manchesta ta ƙasar Ingila nake rubuto muku, kan wata al'ada da nake fatan ta samu gindin zama a gida. Mutanen nan kan haɗu ranar hutu su fita tattaki tare, su yini suna ratsa gonaki da tsaunuka da ƙafa. Babbar ƙungiyarsu, Ramblers, an kafa ta tun 1935. Kuma ba a ruwan sanyi suka samu damar ba. A 1932 matasa ma'aikata daga wannan birni suka hau tsaunin Kinder Scout duk da masu filin sun hana, har aka ɗaure wasunsu. Sai a 2000 doka ta buɗe wa jama'a irin waɗannan tsaunuka.

Abin da ya ja hankalina shi ne wasu tafiye-tafiyen domin marasa mota ake shirya su. Mahaɗa ita ce tashar jirgin ƙasa, lokacin tashi kuwa lokacin isowar jirgi ne. Mu sauka a ƙauyen Edale, mu hau tsaunin Mam Tor, mu bi doronsa mu gangaro tashar Hope, jirgi ya kwashe mu. Mai mota dole ya koma inda ya ajiye motarsa. Mu kuwa sai mu shiga ta nan mu ɓulla ta can, ba mu maimaita hanya.

Na san abin da wani zai ce: mu da tsadar mai ta mayar masu tafiyar ƙasa tun da aka cire tallafi a 2023, wane tattaki kuma? Yana da gaskiya, ban raina wahalarsa ba. Amma ku dubi malamin makarantar da ya yi ritaya, likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ba shi da abokin fita. Ku dubi ɗalibin kwalejin Waziri Umaru da zai gama karatu bai taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada na Argungu ba. Ku dubi iyayenmu mata masu ciwon suga, waɗanda ba za su fita su kaɗai ba, amma za su fita cikin ayarin mata 'yan'uwansu. Duk lokacin da aka shirya ziyara aka ce kowa ya zo da abin hawansa, waɗannan ake bari a baya, kuma su ne mafi yawa.

Motocinmu ba su da agogo, sai mota ta cika take tashi. To ai ku ne za ku cika ta. Ku haɗu a tasha bayan sallar asuba, ku yi karo-karo, ku yi ciniki da 'yan kamasho ku ɗauki shata zuwa Argungu. A fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi, a taka zuwa bakin kogi, a huta a sha fura, a yi azahar, a fito ta wata unguwar daban zuwa tasha. Wani satin a nufi Gwandu, hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Tsakanin Nuwamba da Janairu ya fi dacewa, kafin zafin bazara ya kankama.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne. Ban ce a shiga daji ba, ban ce a nufi inda mutanen wurin da kansu ke gudu ba. A tsaya kusa da gari, a sanar da mai unguwa tun jajibere, a nemi ɗan gari ya yi ja-gaba, a juyo kafin la'asar ta yi sanyi. A sa mutum ɗaya mai ƙarfi a ƙarshen ayari domin kada a bar dattijo shi kaɗai, a kuma tanadi kuɗin kabu-kabu saboda wanda ƙafarsa ta gaza. Wanda bai da kuɗin mota a wannan karon, a rufa masa asiri daga karo-karon, kada a faɗi sunansa.

Ku gaishe mini da mutanen gida.

Ɗan'uwanku,
daga Manchesta