Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kuɗin Laraba

Makon jiya na tsaya a inda aurena na fari ya mutu, na dawo gidanmu a unguwar Yelwa nan Garwa da akwati ɗaya da goyo. Wata huɗu na yi ko ƙofar gida ban leƙa ba. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta gaji da ganina a kwance, ta ce in tashi in raka ta wurin adashi.

Mata ne kusan talatin: masu ƙosai, masu ƙuli, masu busasshen kifin Lagdo. Duk Juma'a bayan la'asar a yi zubi, sannan kowa ta jefa sefa 200 a wani gwangwanin madara daban. Wannan na marayu ne da masu takaba da wanda jinya ta kayar. Ni kaɗai ce mai BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, a cikinsu, sai Hajiya shugabarmu ta miƙo mini littafi da biro. Ba wadda ta tambaye ni ko ina so.

Daminar 2012 ce ta gwada gwangwanin nan. Bayan ƙaramar Sallah ruwa ya ƙi tsayawa, aka buɗe ƙofofin dam ɗin Lagdo, Binuwai ya cika ya batse. Baba ya ce tun da 'yan Sin suka gama dam ɗin a 1982 bai ga kogin ya hau haka ba. Har can Yola ruwan ya yi ɓarna. Gidajen ƙasa na bakin kogi suka narke, mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta, awaki ɗaure a jikin taga.

Muka fasa gwangwani, Hajiya ta cika da kuɗin ɗan kunnenta. Ranar Lahadi aka sayo buhu shida na masara a kasuwar Pitowa, da gishiri da sabulu. Ni kuwa na zauna a gindin dogon yaro ina rubuta duk wadda ta zo, suna da yawan 'ya'ya, layi a miƙe da rula. Mutum 41. Wallahi a ranar ji nake ba wanda ya kai ni iya aiki.

Da dare Goggo ta ce in karanto mata. Na karanta har ƙarshe.

"Ina Inna, matar marigayi Malam?"

"Ba ta zo ba, Goggo."

"Ke 'yar nan, kin taɓa ganin ta tsaya a layi? Matar da gidanta ake kai ƙwarya ana cikowa?"

Malam ɗin nan shi ya yi mini karatu tun daga ba-sin har na kai izu goma. Ya rasu shekara biyu kafin ruwan, ya bar ta da jikoki huɗu. Kunya ta kama ni, amma bakina bai mutu ba, na ce ai masarar ta riga ta ƙare a lissafi. Goggo ba ta tanka ba. Ta ɗauki kwano ta bi buhunan, ta rage kaɗan-kaɗan har aka tara kwano takwas.

Sai bayan isha'i muka fita, ni ɗauke da kayan, ita da tocila. Ɗaki ɗaya ya rage wa Inna a tsaye. Mun same ta a gaban aci-bal-bal ta baje masararta a tabarma. Ruwa ya shiga buhun kwanaki, rabi ta yi baƙi, rabi ta fid da tsiro fari-fari. Tana tsintar masu kyau ƙwaya-ƙwaya tana jefawa a faranti. Da ta ji sallamarmu sai ta ja gefen tabarmar ta rufe.

Muka yi jaje, aka yi ta gaisuwa har na ƙosa. Can Goggo ta ce, "Inna, bashi muka kawo. Yarinyar nan ashe shekara guda tana cinye kuɗin Laraba a hanya, ba ta kai wa Malam. Yau ta faɗa mini. Ki karɓa ki sauke mata nauyi."

Na ɗago zan yi magana, Goggo ta take mini ƙafa. Ban taɓa cin ko dala ba, Allah ne shaida, alewa ma tsoronta nake ji a lokacin.

Inna ta dube ni ta daɗe. Ta sani, mu ma mun san ta sani. Ta ce, "Ja'ira. Na yafe miki, Allah Ya jiƙan malaminki." Ta kira babbar jikarta ta shigar da buhun ciki.

A hanya na tambayi Goggo me zan rubuta a littafi, tunda Hajiya ba ta wasa da lissafi. Ta ce in rubuta "biyan bashi, kwano takwas", kada in sa suna. Kafin babbar Sallah irin wannan layin ya kai goma sha ɗaya.

Su ne suka ja mini magana ranar da wani Alhaji ya aiko da shinkafa buhu goma, ya ce sai an ba shi sunaye da hoton kowa riƙe da kasonta. Nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.