Ciwon kan da ke jira in tashi zaune

Kwana biyu da yi min aikin haihuwa a nan Jos, na yunƙura zan ba jaririya nono, sai na ji kamar an ɗora min turmi a ka. Daga goshi har ƙeya, wuya ya sanƙare, kunnuwa na ta ƙugi. Na koma na kwanta, kafin minti goma ya lafa kamar ba a yi ba. Na sake tashi, ya dawo.

Bayan an sallame mu, Inna ta ce sanyin garin nan ne ya shige ni, a ƙara min kunun kanwa. Yayata ta ce hawan jini ne, aka auna, lafiya ƙalau. Gwajin maleriya ma bai nuna komai ba. Ni kuwa a kwance nake shayarwa, a kwance nake amsa barka, har wata ta ce son jiki ne irin na haihuwar fari. Wannan maganar ta fi ciwon yi min zafi.

Da muka koma asibiti, likitan da ya yi min allurar kashe zafi a baya lokacin aikin ya tambaye ni: “Maman bebi, in kin kwanta yana sauƙi?” Na ce ƙwarai. Ya duba ko da zazzaɓi, ya sake auna jini, don mai jego ba a wasa da ciwon kanta. Sannan ya zana min a bayan katina. Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa ne, kimanin mililita 150. Allurar ta bar ’yar ƙofa a tantanin da ke riƙe shi, yana yoyo. In na miƙe, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan sauko, ta ja jijiyoyi.

Ya ce yawanci ƙofar kan toshe da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Ya ba ni farasitamol, ya ce in sha ruwa da ɗan kofi. Nawa dai ya ƙi.

Ana gobe suna aka ɗebi jinina daga hannu, kusan mililita 20, aka zuba a baya dab da wurin, don ya daskare ya liƙe ƙofar. Bayana ya yi nauyi, na kwanta awa biyu ina kallon silin. Da nas ta ce in tashi a hankali, sai na riƙe ƙarfen gado ina jiran turmin. Bai zo ba.

Washegari a zaune na yi hoto da Nana Khadija, har da ɗaurin ɗankwali.