Wasiƙa daga Ingila: abin da nake nema a kunnen kare

Assalamu alaikum jama'ar gida. Muna lafiya, iyali lafiya, sanyi kuma sai haƙuri. Na so in ba ku labarin azumi a nan, da tsadar haya, da inda muke samun daddawa, amma bari in fara da tambayar da ta ishe ni. Tun ranar da Kawu ya faɗa a majalisa cewa ɗan ƙanwarsa yana wanke kunnen karnuka a Turai, ba a yin mako ban sami saƙon "wai da gaske ne?" ba. To, da gaske ne, sai dai wankin shi ne ƙaramin aikin. Ina ɗakin gwaji ne a wani asibitin dabbobi a arewacin Ingila, kuma abin da ya fi zuwa gabana shi ne dauɗar kunnen kare.

Ba ƙaramar cuta ba ce a nan. Kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta bi bayanan karnuka sama da 22,000 na shekarar 2016, ta ga kusan 7 cikin kowane 100 sun yi ciwon kunne a shekarar. Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne irin namu, sauka yake yi sannan ya karya kwana, shi ya sa laima take kwana a ciki. Ku haɗa da ruwan saman ƙasar nan da ba ya gajiya, da karnuka masu kunnuwa faffaɗa da suka rufe ramin kamar faifai a bakin tukunya. Karnukan farautarmu masu tsayayyen kunne, su matsalarsu ƙuda ne da kaska.

Idan aka kawo kare yana girgiza kai yana susa, likita zai fara leƙawa da fitila ya tabbatar dodon kunnen bai fashe ba, don akwai maganin ɗigawa irin su gentamicin da kan iya kurmantar da shi idan ya wuce ciki. Sannan a sa auduga a tsinke a lakato dauɗar, a miƙo mini. In mirgina ta a kan gilashi, in tsoma a rini kala uku, in sa a madubin likita mai ninka girma sau 1,000. Minti goma sun isa. Idan na ga 'yan dunƙule-dunƙule sun taru, yawanci bakteriyar da ake kira Staphylococcus pseudintermedius ce. Idan na ga siffar kwanson gyaɗa sak, wannan yis ne, Malassezia, kuma maganin bakteriya ba ruwansa da shi. Wanda ke sa gabana faɗuwa shi ne 'yan sanduna, domin sau da yawa wani nau'in bakteriya ne, Pseudomonas, mai ɗanyen wari da mugunya kore-kore, wanda ke yi wa kansa rigar yauƙi har magani ya kasa taɓa shi. Shi sai an shuka shi a faranti, a jira kwana biyu ko uku, a ga maganin da yake ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lafiyayyen kunne ma cike yake da ƙwayoyi. Da aka fara karanta ƙwayar halittarsu maimakon a shuka su, sai aka ga iri-iri ne suke zaman lafiya a ciki, kamar gonar da aka haɗa gero da wake da kuɓewa. Ciwo shi ne lokacin da iri ɗaya ya mamaye, kamar wuta-wuta ta ci gona. Saboda haka ganin bakteriya kaɗai ba hujja ba ce. Sai na ga yawansu, na kuma ga fararen ƙwayoyin jini sun zo har sun haɗiye wasu. Kuma galibi ba su ne suka fara ta'adin ba, jikin karen ne ba ya jituwa da wani abinci ko ƙurar gida, ko tsinken ciyawa ya faɗa ciki, su kuma suka sami ƙofa a buɗe.

Yanzu ga abin haushin: takarda. Tun 1 ga Satumba 2023 dokar likitocin dabbobi a nan ta ce ba a rubuta wa dabba irin kare maganin kashe bakteriya sai an duba ta ido da ido, in ba da wata larura ba. Wannan ban ƙi ba. Amma inshora! Eh, kare yana da inshora, kuma tun 2016 dole ne a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Gwajin minti goma sai ya haifi fom shafi huɗu. Akwai wata dattijuwa da na cike wa fom sau uku, kamfanin yana dawo da shi: yau kwanan wata bai fito ba, gobe ba a rubuta kunnen hagu ne ko na dama ba, jibi kuma suka ce ai karen ya taɓa yin ciwon kafin a sa shi a inshorar, don haka ba sisi. Ranar na koma gida a cikin ruwa, safar hannuna ta ɓata a bas, ina ta sababi ni kaɗai.

Amma duk lokacin da na duba farantin Pseudomonas na ga magani biyar sun kasa kashe shi, sai in tuna yadda muke shiga kemis mu ce a ba mu ja da yalo na ɗari biyu, a sha kwana biyu a daina, ragowar a buɗe a barbaɗa wa kaji, irin abin da ke sa ƙwayoyi su daina jin magani. In kunnen yaro yana ruwa, Yaya, a bar ɗiga masa manja, a kai shi a leƙa tukuna.

Azumi dai idan ya faɗo da rani yana kaiwa awa 18, haya kuma kada ma a yi zancenta. Duk mai tahowa ya riƙo mini daddawa da kuka, amma ban da kilishi, a filin jirgi za su ƙwace.