Kar ku ɗaga fikof ɗin jita don neman ƙara, ni na yi na sha wuya

Ƙannena masu koyon jitar lantarki, kafin ku ɗauki sukudireba ku tsaya ku ji abin da ya cinye min kusan wata biyu da kuɗin tsirkiya har saiti uku.

Jitata ta farko gwanjo ce, irin ƙirar Stratocaster mai fikof uku, wato abubuwan nan da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sautinta. In mun je biki ganga da muryar mawaƙi sai su danne ni gaba ɗaya, wani ya ce ai ɗaga fikof za ka yi ya matso jikin tsirkiya, ƙara zai ƙaru. Na ɗaga duka ukun har sun kusa taɓawa, kuma gaskiya ƙaran ya ƙaru, ranar murna kamar me. Amma tun daga nan tsirkiyar nan mai kauri ta daina zama daidai, in na danna ta can sama wajen firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan nan da aka jera a wuyan jita) sai in ji sauti yana rawa kamar mutum biyu na rera waƙa ɗaya bakinsu bai haɗu ba, kuma da ka kaɗa sai ya mutu da wuri, ba ya jan nan da nake so. Na ce tsirkiya ce ta tsufa na canja, na ce tuna ɗina, na'urar saita sautin tsirkiya, shi ne ya lalace na aro na wani, har sukurorin gada, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jita, na kwance na ɓata saitin da yake lafiya lau.

Wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa ne ya duba, ko minti biyar bai yi ba ya ce yaro maganaɗisu ne ya riƙe maka tsirkiya. Wlh ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ashe fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, tsirkiyar ƙarfe na girgiza a kansa sai lantarki ya samu ya tafi amfilifaya. To in ya matso da yawa jan tsirkiyar yake yi ƙasa, ya hana ta girgiza yadda take so. Na kusa da wuyan jita shi ya fi yin wannan ɓarna don a nan tsirkiya ta fi lilo, mai kaurin kuma ta fi ƙarfe a jiki, ita ya fi kamawa.

Ga yadda ya koya min. Ka danna tsirkiya a firet na ƙarshe, ka sa rula tsakanin kan maganaɗisu da ƙasan tsirkiyar. A irin wannan fikof ɗin kamfanin Fender masu ƙera Stratocaster da kansu sun ce a fara daga milimita 2.4 ɓangaren mai kauri, milimita 2 ɓangaren siririya. Wannan mafari ne kawai, sauran aikin kunne ne, ka juya sukurun gefen fikof rabi ka kaɗa ka saurara, ka rubuta juyi nawa ka yi don ka iya komawa. Kuma da sauti tsaftatacce za ka gwada, ka kashe duk wani fedal mai canja sauti, in ba haka ba ba za ka ji komai ba.

Kar kuma ku ce tunda haka ne bari a sauke shi can ƙasa. Na yi wannan ma, sauti ya zama siriri ba jiki, na ci gaba da kwancewa har sukuru ya fita sifirin ɗin da ke jikinsa ya faɗa ciki, sai da na sassauta tsirkiya duka na cire farantin gaba kafin na same shi.

Wanda ya fi min ciwo har yau shi ne ranar da na ga ƙarafan maganaɗisun nan ba tsayinsu ɗaya ba, na sa bayan sukudireba na danna ɗaya. A irin tsohuwar ƙirar nan wayar a jikinsu take naɗe, ta tsinke daga ciki, fikof na tsakiya ya mutu murus. Da gangan aka yi su haka, don Allah ku bar su.

Yanzu na wuya shi ne mafi ƙasa a jitata, na gada ya ɗan fi shi tashi don in na canja daga wannan zuwa wancan ƙara ya zo ɗaya. In ganga ta danne ni a biki amfilifaya nake ɗorawa kan kujera in juyo da ita wajen jama'a.