Harafi ɗaya da na bari a baya, da abun da ya ja mana a ofis

Ƙannena masu karatun kwamfuta, musamman ku 'yan Poli ta Waziri Umaru da na jami'ar Aliero da kuke zuwa wajenmu sanin makamar aiki, akwai wani labari na bakof, wato ajiye kwafin bayanan kwamfuta saboda ranar da ta lalace, da na daɗe ina so in baku a rubuce, saboda duk wanda na zaunar na faɗa mishi da baki sai ya gyaɗa kai ya ce ya gane, bayan wata biyu kuma in tarar yana yin irin abun da na yi.

Shekarun baya ne, lokacin wayar salula bata daɗe da shigowa Birnin Kebbi ba, na samu aiki a wani ofishi da ba sai na faɗi sunanshi ba. Akwai wani injin Sun a ɗan ɗaki na ƙurya mai esi, babbar manhajar Solaris 8 ce a kanshi, shi ne saba ɗinmu, wato babbar kwamfutar ofis, duk bayanan ma'aikata da lissafin wata da takardun da ake bugawa a cikinshi suke zaune. A gefenshi akwai injin tef na waje, DDS-4, wanda kaset ɗinshi bai kai na rediyo girma ba amma yana cin giga 20. Wanda na gada ya koma wani gari, ya bar mun makulli da kwalin kaset da kalmar sirri a bayan wata ambulan, shikenan. Oga ya ce mun abu ɗaya yake so, kullum dare a yi bakof. Na ce an gama Yallaɓai.

Na zauna na rubuta ɗan sikirif mai layi uku, na sa shi a cron, mai tada aiki a lokacin da aka sa mishi, ya riƙa tashi ƙarfe ɗaya na dare. Layin farko ufsdump, umarnin yin bakof a Solaris, zai kwashe ɓangaren da bayanan ofis suke, na biyu ya kwashe foldojin ma'aikata, na uku ya kwashe /var. Duka ukun na tura su /dev/rmt/0, wato sunan injin tef ɗin. A intanet na ga misalin, a wani shafi, na kwafo shi a takarda daga kafe na zo na buga yadda yake, kuma ya yi aiki, ko in ce na ga alamar ya yi aiki, fitila tana kiftawa, kaset yana juyawa, ufsdump ya rubuta DUMP IS DONE sau uku. Kullum da safe in cire kaset in sa wani, in rubuta kwanan wata da biro a jikin lakabin, in jera a kabad. Wata bakwai ina wannan hidima kuma wallahi zuciyata a kwance take.

Ga abun da ban sani ba. A Solaris sunan injin tef ɗin da ka kira shi da shi, shi yake gaya mishi abun da zai yi idan ya gama rubutu. In ka ce /dev/rmt/0, da ya gama sai ya nannaɗe kaset ya koma farko. In ka ce /dev/rmt/0n, da wannan n ɗin a ƙarshe, sai ya tsaya inda ya kai ya jira rubutu na gaba. To ni ban sa n ba. Kenan layin farko ya rubuta bayanan ofis, kaset ya koma farko, layi na biyu ya hau kai ya rubuta, ya sake komawa farko, na uku ya zo ya danne su duka. Kuma tef ba kaman faifan kwamfuta bane da za ka ce bari in leƙa gaba ko saura ya tsira, duk inda ya gama rubutu yana buga alamar ƙarshen bayanai, injin ba zai yarda ya wuce wannan alamar ba. Duk kaset ɗin da na jera a kabad ɗinnan, /var ne kawai a ciki, tarin log da wasiƙun da injin yake aika wa kanshi. A Linux ma haka abun yake, /dev/st0 mai komawa farko ne, /dev/nst0 shi ne mai tsayawa, don haka kar wani ya ce wannan matsalar tsohon inji ce.

Ranar da abun ya fashe wata Talata ce cikin zafin Afrilu, irin zafin nan da ke haura 40 a garin nan, an ɗauke wuta tun dare, batirin yu-pi-es ya ƙare, esi ya tsaya, da aka tada janareto injin ya ƙi tashi, faifan ciki sai wani ƙas ƙas ƙas yake kaman ana buga cokali a kwano. Ban tsorata ba sam. Na ce wa Oga faifai ne ya mutu, za mu sa wani, muna da bakof na jiya. Muka samo faifai, na tada injin daga CD da boot cdrom -s, na sa kaset ɗin daren Lahadi, na buga ufsrestore, umarnin dawo da bakof, in ga jerin abun da ke ciki. Sai ga adm, ga log, ga spool, ga tmp. Na ce to wannan na uku ne, bari in tsallaka zuwa na gaba, na buga mt fsf 1, na sake gwadawa, babu komai. Na ciro na Asabar, haka. Na Juma'a, haka. Na zauna a ƙasan ɗakin nan ina sa kaset ina cirewa har na kai na goma sha wani abu, rigata ta jiƙe sharkaf, hannuna na rawa. Oga ya leƙo ya ce, "Malam, mi kag gani?" Na kasa ɗaga kai. Na ce Yallaɓai, babu. Ya ce babu mi? Na ce babu komai a ciki.

Kuskure na biyu kuma a ranar na gane shi, shi ma bai gaza na farko ciwo ba. Duk littattafan bayanin injin, wanda Sun ke kira AnswerBook2, a kan shi wannan injin ɗin aka ɗora su, daga kowace kwamfuta a ofis sai ka buɗe burauza ka sa sunan saba da lamba 8888 ka karanta. Shafukan man, masu bayanin kowane umarni, su ma a kan faifan suke. Da faifan ya mutu sai ya tafi da littafin da zai gaya mun yadda zan tada shi. Kaman mutum ne ya kulle makullin ɗaki a cikin ɗakin. Sai da na hau kabu-kabu na tafi kafe na biya kuɗin awa biyu, intanet ɗin tauraron ɗan adam ne mai rarrafe, shafi ɗaya sai ka yi ta kallonshi yana saukowa layi layi, na nemo docs.sun.com na buga shafukan a firinta. A cikin kafe ɗin nan, a shafin mtio, na ga bayanin n ɗin a fili ƙarara, layi ɗaya tak. Wata bakwai wannan layin yana cikin injin da nake zama gabanshi kullum.

Kuma ba wai ban samu alama ba. Tun satin farko na taɓa buga man -k tape don in nemo duk abun da ya shafi tef, sai ya ce mun bai ga fayil ɗin windex ba, wato jerin sunayen shafukan, na ɗauka littafin ne ya lalace, na rabu da shi na koma kwafe-kwafe a intanet. Ashe catman -w kawai zan buga ya gina jerin, minti kaɗan. Idan littafin bayani ya ƙi buɗewa, ƙannena, wannan ma aiki ne a gabanku, ku gyara shi ranar. Ku duba MANPATH, mai nuna inda shafukan man suke, ku duba ko an ɗora fakitin littafin ma tun farko, ku duba ko abun da ke ba da shafukan yana raye. Sannan duk misalin da kuka gani a intanet ku tambayi kanku na wane inji ne, na wace shekara, mai rubutun bakof ɗaya yake yi a kaset ko uku. Misalin da na kwafa ba ƙarya ya yi ba, shi ɓangare ɗaya yake kwashewa, a wajenshi daidai ne. Ni ne na ninka shi uku ban san mi nake ninkawa ba. Shafuka ma suna ƙaura, Oracle ta sayi Sun a 2010 adireshin da na sani ya koma wani wuri, don haka abun da za ku buƙata ranar da inji ya kwanta ku buga shi a takarda ku sa a fayil kusa da injin, ku kuma ajiye kwafi a waya.

Abun da ya cece mu rabi da rabi wani kaset ne guda ɗaya a ƙasan kwali, wanda na gada ya yi shi da hannu kafin ya tafi, ya rubuta a jiki da jan biro. Ya dawo mana da komai har zuwa ranar da ya yi shi. Wata bakwai da ke tsakani kuma sai daga takardu. Akwai wata Hajiya mai buga takardu a ofishin, ta kusa ritaya, ta haife ni, ita da wasu mutum biyu sunka kwashe makonni suna sake shigar da bayanai ɗaya bayan ɗaya, tana zama har bayan Magariba alhali tana da jikoki a gida. Ban taɓa jin ta ɗaga mun murya ba. Rana ɗaya ce kawai na kawo mata wani fayil ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, kai baka taɓa buɗe kaset ɗin ka gani ba?" Har yau in na tuna maganar nan sai na ji ta a ƙirji, don ita ce tambayar gaba ɗaya. Da sau ɗaya na ɗauki minti goma na gwada dawo da fayil guda, da tun satin farko na kama kaina. Oga bai kore ni ba, Allah ya saka mishi da alheri, amma an yi wata albashin wasu ya makara, mutane masu iyali, saboda ni.

Bayan nan na koyi sauran halayen tef, mafi yawa da wahala. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kan injin da ke karanta tef in ya yi datti sai ya fara ba da kuskuren rubutu jefi-jefi, akwai kaset na wanki musamman don haka, shi ma yana ƙarewa, ku riƙa yin alama a jikinshi duk sanda kuka sa. Na LTO, wato tef na zamani, kuma kar ku wanke sai injin ya nema da kanshi. Kaset ɗin da ya sha rana a but ɗin mota daga Jega ko Argungu kar a cusa shi a inji nan take, a barshi a ɗakin ya huce ya saba da sanyin, in da hali ya kwana. In inji ya ce ba zai rubuta ba, kafin ku kira kowa ku duba ɗan maɓallin kariya da ke jikin kaset, sau da yawa shi ne. In kuma saba bai ga injin tef ɗin ba gaba ɗaya, a zamaninmu na SCSI, hanyar haɗa na'urori da saba, tamineta ce, ɗan abun da ake toshe ƙarshen layin da shi, ko lambar na'ura biyu sun yi karo, sai probe-scsi-all sannan boot -r, kuma a kunna injin tef kafin a kunna saba. Lambar da aka rubuta a kwali ma kar ta ruɗe ku, DDS-4 an rubuta 20/40, wannan 40 ɗin sai in bayanan sun matsu, hotuna da fayilolin zip basa ƙara matsuwa, 20 ɗin ce taku.

Nasan wani zai ce wa ke amfani da tef yanzun. Ana amfani da shi sosai, LTO-8 tera 12 yake ɗauka, LTO-9 tera 18, manyan wurare sun riƙe shi saboda kaset ɗin da ke kabad ɓarayin intanet masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa basa iya kai hannu gare shi. Amma a nan ma akwai rami, injinan LTO har zuwa na 7 suna karanta kaset na mataki biyu baya, na 8 ɗaya kawai yake komawa, in kun sayi sabon inji kun zubar da tsohon kuna iya wayar gari da kaset lafiyayye ba mai karanta shi. Kuma ko baku taɓa ganin tef ba, faifan waje ne ko Google Drive, ciwon ɗaya ne. Folda mai daidaita kanta da intanet in kun goge abu a nan can ma gogewa yake, in fayil ya lalace lalataccen take ɗauka ta kai. Ku riƙe kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gini daban, wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ba sai an yi mishi dogon bayani ba.

Yanzun duk yaron da ya zo wajena, kafin in bashi kalmar sirri, sai na bashi littafi mai bango ja da muke ajiyewa kan saba. Duk Alhamis kafin a tashi zai ɗauko bakof ɗin da ni na zaɓa ba shi ba, in faɗi sunan fayil, ya dawo da shi a wata kwamfuta daban ya buɗe a gabana, ya rubuta kwanan wata da sunan fayil da girmanshi ya sa hannu. Sau ɗaya a wata uku kuma mu dawo da komai dungurungum a tsohon inji, da takardun da muka buga kawai, ba intanet, mu ga awa nawa zai ci. Watan jiya wata yarinya 'yar Yauri da ke tare da mu ta yi gwajin Alhamis ta tarar foldar hotunan takardu ba komai ciki, ashe an canza mata suna sati uku da suka wuce sikirif ɗin yana ta kwasar tsohon wuri yana cewa ya gama. Ta gyara layin, muka sake yi a gabanta, ta dawo da fayil ɗin ya buɗe, ta sa hannu a littafin ƙarfe biyar saura.