Daren da muka ratsa Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda

Da la'asar sakaliya muka shiga jirgi a tashar Usman Digna da ke Sawakin ta ƙasar Sudan, ni da Baffana, za mu Umra. Ba a tashi ba sai da duhu ya shiga. Muna fita ina kallon kufan tsohon gari, gidajen dutsen murjani duk sun zube. Ta nan kakanninmu da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa suke tsallakawa zuwa Makka, wasunsu kuma suka yada zango a Sudan har yau jikokinsu na can.

Jiri ya kwantar da Baffa da wuri. Ni barci ya ƙi zuwa, sai na hau saman jirgi shan iska. A can na tarar da wani dattijo yana jan carbi. Na yi masa sallama, muka gaisa da Larabcina na kame-kame, sai ya yi dariya ya juya harshe zuwa Hausa. Ashe Bahaushen Sudan ne, ƙuruciyarsa duk a aikin jirgin ruwa ya yi ta.

Dare ya raba sai na hango fitilu can nesa ta hannunmu na dama: farare biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da wata ja a ƙarƙashinsu.

"Baba, wancan fa?"

"Babban jirgi ne, ɗana, Suwez ya nufa. Ja yake nuna mana, wato gefensa na hagu muke gani. Kowane jirgi ja ce a hagunsa, koriya a damansa. Mu ne za mu kauce."

Ya ce in tsaya wuri ɗaya, in saita jar fitilar da wani ƙarfe na shingen jirginmu. In ta zame gaba, zai riga mu wucewa. In ta zame baya, mu za mu riga shi. In kuwa ta kafe a kan ƙarfen tana ƙara girma, to wuri ɗaya muka nufa a lokaci ɗaya. Na ƙura ido har hawaye. Wallahi ba ta motsa ba. Gabana ya faɗi, don a ƙasanmu akwai ɗaruruwan mutane suna barci, har da Baffa.

Can sai oda ta yi ƙara sau ɗaya, gajeriya, na ji jirgin ya karkata. Na waiga, farin kumfan da muke bari a baya ya tanƙware. Dama muka yi, kuma juyi sosai, don doka ta ce mai kaucewa ya kauce da wuri, ya kuma yi yadda ɗayan zai gani sarai. Muka bi ta bayansa. Ja ta ɓace, ya rage fara guda ta bayan jirgin, da tulin kwantenoni kamar unguwa guda tana tafiya a kan ruwa.

Mu arewa maso gabas muka dosa, manyan jiragen kuwa tsakanin Suwez a ƙarshen tekun ta arewa da mashigar Babul Mandab ta kudu suke kai da komo, don haka titinsu muke ratsawa. Ba alama ko ɗaya a kan ruwan. Abin da ya tsare mu ƙa'idoji ne da ƙasashen duniya suka amince da su a Landan a 1972, suka fara aiki a 1977, kuma da su matuƙin Girka da na Sin da na Sudan duk suke tuƙi. In an yi gaba da gaba, kowa ya yi damansa. Mai son wuce wani daga baya, shi ke da alhakin kaucewa. Mai inji ya ba wa wanda iska ke turawa hanya, su biyun kuma su ba masunta da ke jan raga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgi na biyu, wanda ya ɓullo ta hagu da koriyar fitila. Wannan karon shi ke da kaucewa. Na ce, "To Baba, yanzu sai yadda muka ga dama ke nan?"

Ya girgiza kai. "Ina! Yanzu ne aka ɗaure mu. Ba juyi, ba ƙara gudu, ba ragewa, don da tafiyarmu yake lissafi. In ya yi shiru, a danna masa oda biyar a jere. In har ya ƙi, dole mu kauce da kanmu. Wanda ya nutse ba ya zuwa kotu ya ce shi ke da hanya."

Wancan ɗin bai kai mu ga oda biyar ba. Tun daga nesa koriyarsa ta koma ja, ya zagaya ta bayanmu.

Gari na wayewa Jidda ta bayyana, jirage jingim sun yada anga suna jiran layi. Wani ɗan ƙaramin jirgi ya kawo mai ja-gora, ya hau tsanin igiya, ya shigar da mu ta tsakanin duwatsun murjani muna rakuɓe da gefen dama na mashigar. Na sauka na tashi Baffa. Ya tambaye ni ko an kwana lafiya, na ce lafiya lau, na ɗauki jakarsa muka bi layi.