Tarwaɗa Ba Ta Zuba Ƙwai a Tanki Sai da Allura

Sana'ata ƙyanƙyasar tarwaɗa ce. Ba na kiwo har kifi ya girma. Nawa in fitar da 'ya'ya, in raine su su kai tsawon ɗan yatsa, masu kiwo su zo su kwasa.

Tarwaɗa komai ƙoshinta ba ta sakin ƙwai a tanki don kanta. A kogi sai damina ta kankama, ruwa ya malale fadama, sannan take bin sabon ruwa da dare ta zuba ƙwai ya manne a ciyawar da ruwa ya shanye. Tanki kuwa ba ya ambaliya, sai ciki ya cika ta riƙe abinta. Masu bincike ne suka warware mana wannan. Tun a shekarun 1930 wani masani a Brazil, Rodolpho von Ihering, da abokan aikinsa suka riƙa ciro wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi, su niƙa, su yi wa uwa allura da shi. Yau galibi allurar Ovaprim, maganin sa kifi sakin ƙwai, muke yi mata, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta.

In ɗumin ruwa ya kai digiri 28, bayan awa 10 zuwa 12 ta nuna. Sai a rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, a shafa cikin a hankali, ƙwai ya zubo cikin busasshen kwano. Busasshe fa, domin in ruwa ya riga maniyyi taɓa ƙwan, aikin ya lalace. Da an ga jini a dakata. Namijin ne abin tausayi: shi ba ya tatsuwa, dole a yanka shi a ciro marainansa. A matse maniyyin a kan ƙwan, a gauraya, a zuba ruwa kaɗan, a shimfiɗa a kan raga. Kwana ɗaya sun fara fitowa, sirara kamar zare. Ƙwan da ya yi fari ya mutu, in ba a tsince shi ba sai ya ruɓe ya ɓata sauran. Kwana uku suna rayuwa da kwanduwarsu kafin a fara ba su Artemia, wasu mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri. Daga nan sai tankaɗe, wato raba manya da ƙanana, don wanda ya riga girma haɗiye 'yan'uwansa yake yi.

Duk da wannan dabara, ban yarda mun wadatu da barin kogi ba. In aka yi ta haɗa jini ɗaya, wa da ƙanwa, sai a fara ganin karkataccen baya da rashin girma, dole a nemo sabbin iyaye. Asalinsu kuwa kogi ne, kuma duk inda madatsar ruwa ta hana ambaliya, wurin haihuwarsu ne ya tafi.

Mu ma muna iya yi wa kogin ɓarna. Giwan ruwa da aka saka a Tafkin Victoria a shekarun 1950 ya taimaka wajen ƙarar da ire-iren ƙananan kifaye wajen 200, Indiya kuma haramta kiwon tarwaɗar Afirka ta yi saboda cinye kifayen ƙasar da take yi. Shi ya sa kowace magudana a wurina da raga biyu a bakinta, musamman a tankin da na haɗa tarwaɗa da ramboshi, wani babban kifi dangin tarwaɗa, kuma ba a buɗe ruwa sai an duba su.